Tun ran gini, tun ran zane

Akwai wani bawul, wato abin buɗewa da rufe ruwa a bututu, da har yau ban manta da shi ba. Yana cikin ɗakin famfuna na wata matatar ruwan sha da na yi aikin zanenta, a kan bututun da ke kai ruwan wanke matatun yashi, kusan mita 4 daga ƙasa. A takarda babu abin da za ka kushe masa. Girmansa daidai, ƙarfin da zai jure daidai, kamfanin da ya ƙera shi ma sananne ne. Ranar da muka zagaya da ma'aikatan da za su karɓi tashar, wani dattijo da ya haura shekara 20 yana kwanan aiki a tsohuwar tasha ya tsaya a ƙarƙashinsa, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Injiniya, wannan da wane hannu zan murɗa shi?"

Na ce, "Baba, ai injin lantarki ne ke juya shi. Daga ɗakin kwamfuta za ku danna, ya buɗe."

Ya ce, "To ranar da wuta ta ɗauke cikin dare, ni kaɗai a tasha fa?"

Ban sami abin ce masa ba. Sai da aka ƙera dandamalin ƙarfe da tsani, aka huda bangon kankare da ya riga ya bushe aka kafa su, aka karkatar da wani ƙaramin bututu da ya tare hanya. Mako 3 gyaran ya ci. Da an yi mini wannan tambayar wata 18 kafin nan, lokacin da bututun yake layi ne kawai a fuskar kwamfuta, da minti 10 ya ishe ni in sauko da bawul ɗin daidai ƙirjin mutum. Tambayar tana bakin dattijon tun ranar farko, mu ne ba mu ajiye masa kujera a inda ake yanke shawara ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, aikin nan irin wanda ake ba tawaga ɗaya zane da gini ne gaba ɗaya, tsarin da ake yabo da cewa shi ne maganin irin wannan kuskuren. Na yarda da tsarin, har gobe ina ba hukumomin ruwa shawarar su bi shi. Amma shekarun da na yi a cikinsa sun nuna mini cewa sa hannu a kwangila ɗaya ba ya mayar da mutane tawaga ɗaya. Abin da ke yanke hukunci shi ne wa aka ɗora a kan wa, wa ke biyan wa, kuma wa ke da ikon cewa a'a a saurare shi.

Tsohuwar hanya kowa ya santa. Hukumar ruwa ta ɗauki kamfanin injiniyoyi ya zana tasha har ƙusa ta ƙarshe, a fitar da tallar kwangila, wanda ya fi sauƙin farashi ya ci, ya gina abin da aka miƙa masa. Kwangila biyu ke nan, hukuma a tsakiya. Idan tasha ta ƙi tace ruwa, magini ya ce shi abin da aka zana ya gina, mai zane ya ce ba a gina yadda ya zana ba. Wannan jayayya ta tsufa. Shari'ar da aka fi ambata a kanta a Amurka, wadda ake kira da sunan ɗan kwangilar, Spearin, a kan magudanar ruwan datti aka yi ta. An ba shi aikin gina wurin gyaran jiragen ruwa na sojan ruwa a Brooklyn, kuma dole ne ya karkatar da wani sashe na magudanar bulo mai faɗin ƙafa 6 da ta ratsa filin. Gwamnati ce ta ba shi zane, ya bi shi sak. Bayan kamar shekara guda aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya daidai lokacin da teku ta cika, magudanar ta fashe, ramin aikinsa ya cika da ruwa. Da aka bincika sai aka tarar da wani shinge a cikin wata magudanar da ke haɗe da ita, wanda babu shi a zanen da aka ba shi. A 1918 Kotun Ƙolin Amurka, ta bakin mai shari'a Brandeis, ta ce wanda ya ba da zane ya ce a bi, shi ya ɗauki alhakin cewa zanen zai yi aiki.

Hukumomi sun gaji da zama a wannan tsakiyar, shi ya sa suka koma ba da zane da gini a hannu ɗaya. Ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, ta fitar da samfurin kwangila na irin wannan aikin a 1999, mai bango ruwan ɗorawa, tare da mai bangon azurfa wanda ya fi jibga kasada a kan ɗan kwangila. A 2008 ta ƙara mai bangon zinariya, inda wanda ya zana ya gina zai kuma riƙe tashar yana gudanar da ita, an tsara shi a kan shekara 20. Duk an yi su ne don hukuma ta sami wuya ɗaya da za ta riƙe. Sai dai ramin da ke tsakanin zane da gini bai cike ba. An ɗauke shi ne daga gaban hukuma aka mayar da shi cikin gidan ɗan kwangila, inda idon hukuma ba ya kaiwa.

A yawancin tawagogin da na shiga, magini ne a gaba, kamfanin zane yana ƙarƙashinsa a matsayin ƙaramin ɗan kwangila. Dalilin kuɗi ne. Hukuma na neman takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora, wadda za ta tsaya idan aiki ya lalace, kuma magini ne ke da kadarar da za a ba shi irin wannan takarda. Kuɗin zane ɗan yanki ne a cikin kuɗin aiki. Ba ni da ja a kan haka. Inda nake da magana shi ne abin da ke biyo baya: mai zane yana karɓar kuɗinsa daga hannun magini, duk wasiƙar da zai rubuta ta teburin magini take bi, kuma idan magini bai ga dama ba, hukuma ba za ta taɓa jin muryarsa ba.

Na ɗanɗana wannan a wata tashar tace ruwan datti. Irin tashar da ake kiwon ƙwayoyin halitta a manyan tankuna, ana hura musu iska suna cinye ƙazantar da ke cikin ruwa, dabarar da Ardern da Lockett suka bayyana a Manchesta a 1914. A irin wannan tasha, injinan hura iska su ne ke shan rabin wutar lantarki ko fiye. Sashen sayayya na magini ya samo injina masu rahusa fiye da waɗanda na zaɓa. A takarda ƙarfinsu ɗaya idan an buɗe su duka. Bambancin yana wajen sassautawa: nawa suna iya rage gudu sosai, nasu ba sa sauka ƙasa da wani mataki. Ruwan datti kuwa ba ya zuwa bai ɗaya. Da safe mutane na wanka da wanki yana kwararowa, tsakar dare ya ja baya. Injin da ba ya sassautawa zai kwana yana hura iskar da babu mai bukata, mita na juyawa. Magini sau ɗaya zai biya kuɗin inji, hukuma kuwa duk wata za ta biya kuɗin wuta har injin ya mutu.

Na rubuta wannan a shafi biyu, da lissafi, na kai wa manajan aikin. Ya karanta a gabana, ya ce, "Injiniya, maganarka gaskiya ce. Amma nuna mini inda kwangilarmu da hukuma ta ambaci wutar dare." Babu. Kwangilar ta ce injina su iya ɗaukar ruwa mafi yawa, shi ke nan. Mutumin nan ba mugu ba ne. An ba shi farashi ƙayyadadde an ce ya fitar da aiki a ciki, kuma ni a tsarin tawagar yaronsa ne. Takardata ta shiga fayil, aka sayi injinan. Har yau idan na tuna da ma'aikatan tashar nan suna kashe inji ɗaya suna kunna ɗaya da hannu cikin dare don su rage asara, raina yana ɓaci.

Tun daga lokacin, kafin kamfaninmu ya yarda ya shiga ƙarƙashin kowane magini, akwai yarjejeniyar da muke zama mu rubuta tun ba a miƙa takardar neman aiki ba, lokacin da kowa ke bukatar kowa. A ciki nake dagewa a kan abu biyu. Duk na'urar da ta shafi tace ruwa, ba a canza ta sai injiniyan tacewa ya sa hannu. Idan kuma ya ƙi, magini ya nace, to hukuma za ta ga takardar ƙin nasa kafin a sayi komai. Wasu magina sun tashi daga teburin saboda wannan sharaɗi na biyu. Waɗanda suka zauna, da su muka yi aikin da nake iya komawa in duba ba tare da na sunkuyar da kai ba. Hukumomi kuma ina roƙonsu su rubuta yawan wutar da tasha za ta sha a kan kowace mita kubik ta ruwa, wato lita 1,000, a lokacin cika da lokacin ja baya, a kuma gwada shi kafin a karɓi makulli.

Akwai masu ganin mafita ita ce haɗaka, magini da mai zane su kafa kamfanin haɗin gwiwa, riba tare, asara tare. Yana ba mai zane murya, babu shakka, don mai hannun jari ba a rufe masa baki. Amma hukuma takan ce kowane ɗayansu yana ɗauke da alhakin aikin duka, kuma kamfanin da dukiyarsa ƙwaƙwalwa ce da kwamfutoci ba ya son a wayi gari a ce ya biya kuɗin tankin kankare da ya tsage. Na kuma ga haɗakar da aka raba iko rabi da rabi, aka yi wata guda ana ja-in-ja a kan nau'in famfo, lebura na zaune. Idan za a yi haɗaka, a rubuta sunan wanda zai raba gardama da kwanakin da aka ba shi. Mai zane a gaba, magini a ƙarƙashinsa, ba kasafai ake gani ba, kodayake ya dace da aikin da na'urori suka fi kankare yawa. Kamfanin da ke da masu zane da magina a gida ɗaya ma ba ya tsira kai tsaye. Idan kowane sashe da littafin ribarsa, faɗan yana nan, ya dai koma tsakanin hawa na biyu da hawa na uku.

Wani tarko da lauyoyi suka fi injiniyoyi sani shi ne bambancin alkawari. Mai zane bisa al'adar sana'arsa yana alkawarin zai yi aiki da ƙwarewa da kulawa irin ta takwarorinsa, kuma inshorarsa a nan ta tsaya. Kwangilar zane da gini kuwa takan ce tasha ta yi aikin da aka gina ta dominsa, ko da laifin wani ko babu. A 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a kan ginshiƙan injinan wutar iska na Robin Rigg da ke cikin teku. Ɗan kwangila ya bi ƙa'idar ƙasa da ƙasa da aka ce ya bi, ashe ƙa'idar ce ke da kuskure a lissafinta, ginshiƙai suka fara samun matsala. Kotu ta ce tunda kwangila ta ambaci zane mai rayuwar shekara 20, shi zai biya, duk da bai yi sakaci ba. Magini da ya san wannan zai so ya zuba wa mai zane alkawarin duka. Mai zane ya sa hannu a kan abin da inshorarsa ba ta rufe ba, kowa ya ɗauka an tsare, alhali babu kuɗi a bayan takardar. Gara a faɗi gaskiya tun farko, a ware wani kaso a cikin farashi don wannan giɓin, kowa ya san yana nan.

Yanzu bari in juya ga hukuma, don tawaga ba ɓangaren ɗan kwangila kaɗai ba ce. Kuskuren da na fi gani shi ne hukuma ta ɗauka tunda ta ba da aiki a hannu ɗaya, sai ta naɗe hannu ta jira ranar yanke kyalle. A gaskiya wannan tsarin ya fi tsohon neman lokacinta. Tambayoyi na zuwa da sauri, ana zuba kankare a wannan gefe ana zana wancan, amsar da ta yi mako 3 a tebur ta tsayar da ma'aikata ɗari. Dole a sami mutum ɗaya a hukuma mai ikon cewa e ko a'a, ba kwamitin da ke zama sau ɗaya a wata ba. Hukumar da ba ta taɓa irin wannan aiki ba tana bukatar injiniya mai ba ta shawara, wanda ba shi da hannu a cikin masu neman kwangilar. Shi ma mai ba da shawarar sai an ja masa linzami. Mu injiniyoyi hannunmu na ƙaiƙayin zane. Idan aka bar shi zai zana rabin tashar ya liƙa a takardar bukatun hukuma, ya ce ga girman tanki, ga nau'in famfo. Ranar da abin ya ƙi aiki, magini zai buɗe shafin ya ce ku kuka ce, an koma gidan jiya, shari'ar Spearin ta dawo ta ƙofar baya. Aikin hukuma shi ne ta faɗi ruwan da zai shiga da ruwan da take so ya fita, ta ƙara da abubuwan da ba ta sassauci a kansu saboda ma'aikatanta da kayan gyaran da ke rumbunta. Sauran ta bar wa masu zane.

Ruwan da zai shiga, a nan ake yawan faɗuwa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma kogi ba ya zama iri ɗaya shekara guda. Wanda ya ɗebi samfur na wata 2 lokacin da ruwa ya kwanta, ya zana tasha a kansa, ranar da ruwan sama ya kwaso laka zai ga matatunsa sun toshe kafin azahar. Ina neman bayanan shekara cikakkiya ko fiye, kuma idan za a yi amfani da tantanin tacewa, wato siririn shafi da ake matsa ruwa ya ratsa ya bar ƙazanta ko gishiri a baya, a kafa ƙaramar tashar gwaji a bakin ruwan ta yi watanni tana aiki. Tashar cire gishiri daga ruwan teku ta Tampa a jihar Fulorida darasi ce da duk mai wannan sana'a ya kamata ya sani. An tsara ta ta ba da galan miliyan 25 a rana, kusan mita kubik 95,000. Kamfanonin da ke cikin aikin suka yi ta karyewa ɗaya bayan ɗaya, hukumar ruwan yankin ta karɓi mallakar aikin, a 2003 tashar ta kasa cin gwajin karɓa. Babbar matsalar tana matakin share ruwan kafin ya kai ga tantani, matatu suna toshewa da wuri. Sai da aka kawo wata tawaga ta sake gina wannan ɓangaren, tashar ba ta tsaya da ƙafarta sosai ba sai ƙarshen 2007. Abu biyu na ɗauka daga nan. A duba lafiyar aljihun kowane kamfani a tawaga kamar yadda ake duba takardun injiniyoyinsa, kuma kada a bar ɓangaren da ba shi da ƙyalƙyali a hannun wanda ba shi da murya.

Haka batun ƙasa. Babu ɗan kwangilar da ya san abin da ke ƙarƙashin fili kafin ya haƙa, balle a tsohuwar tasha da bututun shekara 50 ke kwance ba a san inda suka bi ba. Samfurin FIDIC mai ruwan ɗorawa yana ba ɗan kwangila damar neman ƙarin lokaci da kuɗi idan ya ci karo da abin da ba a iya hangowa, mai azurfa kuwa kusan duka a kansa yake. Hukumar da ta zaɓi na biyun don ta huta, za ta biya kuɗin tsoron da ɗan kwangila ya cusa a farashi, ko ta biya lauyoyi daga baya.

Saboda waɗannan dalilan na fi karkata ga salon da ake bi mataki biyu, wanda ya yaɗu a ayyukan ruwa a Amurka. A zaɓi tawaga bisa cancanta da mutanen da ta kawo, a biya ta ta yi zane tare da hukuma, littafin farashi a buɗe kowa na gani. Idan zane ya yi nisa, sau da yawa wajen kashi 60 cikin 100, sai a tsayar da farashin da ba za a wuce ba. Idan ba a daidaita ba, hukuma na da ƙofar fita, ta ɗauki zanenta ta nemi wani magini. Da a ce a wannan salon muka yi aikin injinan iskan nan, da hukuma na zaune a ɗakin ranar da aka kawo maganar, da lissafin kuɗin wutar shekara 20 a gabanta. Salon na da nasa rauni. Babu gasar farashi a farko, don haka hukumar da ba ta da mai ƙididdigar kuɗi nata na kanta, mai zaman kansa, za ta karɓi duk abin da aka faɗa mata.

Akwai mutum biyu da kusan kullum ake kawowa a makare, kuma su ne nake fara tambaya idan aka nuna mini jadawalin tawaga. Na farko shi ne wanda zai tayar da tashar, ya kunna ta, ya kai ta ga cin gwaji. Na biyu shi ne mai haɗa na'urorin sarrafawa, wanda zai sa famfo da bawul da ma'aunai su yi magana da kwamfutar ɗakin kula. Shi wannan na biyun yawanci yana can ƙasa, ƙarƙashin ɗan kwangilar lantarki, wanda shi ma yana ƙarƙashin magini. Hawa uku tsakaninsa da injiniyan da ya san dalilin da ya sa famfon alif zai ƙara gudu idan laka ta ƙaru. Na taɓa tarar da wani saurayi mai wannan aiki zaune a kan bokitin fenti a ɗakin da ba a gama ba, kwamfuta a cinya, saura mako 6 a miƙa tasha, yana ƙoƙarin gane nufin bayanin da na rubuta shekara biyu baya. Ba wanda ya taɓa haɗa mu. Muka zauna kwana 4 muna bin tashar layi-layi, a nan muka gano ma'aunin kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, an dasa shi kafin tankin da ruwa ke jira, ba bayansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na son a sami aƙalla miligiram 0.5 na kulorin a kowace lita bayan ruwa ya yi minti 30 da shi. Ma'aunin da ke kafin tanki ba zai taɓa gaya maka haka ba. A babban ramin ruwan datti na Tideway da aka haƙa a ƙarƙashin kogin Thames a Landan, mai tsawon kilomita 25, an raba ginin kashi uku, yamma da tsakiya da gabas, kowanne da haɗakar kamfanoninsa, amma haɗa na'urorin sarrafawa kwangila ce ta daban mai zaman kanta. Ko a ƙaramin aiki, ina so mai wannan aikin ya kasance kai tsaye ƙarƙashin shugaban tawaga, yana zama a taron zane tun daga wata na farko.

Shi kuma mai tayar da tasha, dalilin kawo shi da wuri shi ne tashar ruwa ba gada ba ce da za a gama yau a hau gobe. A tashar ruwan datti, sai an ɗebo laka mai rai, wato mai ɗauke da ƙwayoyin halittar da ke cinye ƙazanta, daga wata tasha a tanka an zuba, a jira ƙwayoyin su hayayyafa. Masu cin ammoniya a cikinsu jinkirin girma gare su, makonni suke ɗauka, sanyi kuma na ƙara musu nawa. Gwajin BOD da ake auna ƙarfin ƙazanta da shi kwana 5 yake ci kafin sakamako ya fito, wato abin da ka gyara yau sai mako mai zuwa za ka san ko ya yi. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta sa iyakar BOD ta miligiram 25 a kowace litar ruwan da tasha ke fitarwa, kowace ƙasa kuma da tata iyakar, amma ko nawa ne, ba a cin wannan gwajin da gaggawa. Jadawalin da magini ya zana shi kaɗai yakan ba wannan mataki mako 2 a ƙarshe, bayan duk jinkirin baya ya cinye sauran. Sannan ga tambayoyin da ke haddasa rigima idan ba a amsa su tun farko ba. Lokacin gwaji, ma'aikatan wa ke riƙe da tasha? Wa ke sayen sinadarai da wuta? Idan ruwan da ya shigo ya fi wanda aka rubuta ƙazanta, an faɗi gwajin ne ko an ɗage shi? Mai tayar da tasha ne ke tuna waɗannan tun ana zana bututu, shi ne zai ce a sa wurin ɗibar samfur a nan, a sa hanyar karkatar da ruwa a can don a gwada tanki ɗaya ba tare da an tsayar da sauran ba.

Wani abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sauya mutane. A takardar neman aiki za ka ga sunan gogaggen injiniya mai shekara 30 a fagen, ranar da aka fara aiki sai ka ga wani daban, a ce wancan an tura shi wani wuri. Hukuma mutane ta zaɓa, ba tambarin kamfani ba. A rubuta sunayen mutum biyar ko shida da aikin ya rataya a kansu, a yi musu tambayoyi ido da ido kafin a ba da kwangila, a sa tara mai zafi idan aka janye ɗaya ba da yardar hukuma ba, sai dai rashin lafiya ko barin aiki.

Na dawo kan dattijon nan da ire-irensa. A watan Mayun 2000, a garin Walkerton na lardin Ontario a Kanada, ruwan sama ya wanko kashin shanu zuwa wata rijiyar da garin ke sha, mutum 7 suka rasu, kusan 2,300 suka kwanta. Binciken da aka yi ya gano masu riƙon ruwan ba su da horon da ya kamata, ba sa auna kulorin kullum, har ana rubuta alƙaluman da ba a auna ba. Tawagar zane da gini za ta yi shekara 2 ko 3 ta tattara kayanta. Mutanen da za a bari da tashar shekara 30, su ne tsakanin jama'a da cuta. Duk da haka a taron zane wanda hukuma ke turowa yawanci shugaban sashe ne, mutumin kirki, amma ya daɗe rabonsa da wanke matata da hannunsa. Ni mai kwanan tasha nake so, da makanikin da ke kwance famfo, da mai ɗakin gwaji. Kuma ba a ce su zo bayan sun kwana a aiki ba barci. A sa kuɗin wanda zai riƙe musu aiki a cikin kasafin, a ba su rana sukutum.

Ba na miƙa musu tulin takardun zane, don ba kowa ya saba karanta su ba, kuma mutum ba ya son ya nuna bai gane ba a gaban baƙi. A aikin da muke kai yanzu, mun share wani ɗakin ajiya, muka shata ɗakin sinadarai a ƙasa da tef, girmansa na gaskiya, muka jera kwalaye a matsayin tankuna da famfuna. Muka ce su shiga su yi aikin safiya kamar yadda suka saba. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta ɗauki bokiti ta bi hanyar da za ta bi ɗibar samfur, ta tsaya tsakanin kwali biyu ta ce, "Injiniya, a nan idan buhun alif ya fashe, ta ina zan fita?" Makaniki kuma ya durƙusa gefen kwalin da muka rubuta wa famfo na 2, ya miƙa hannu, gwiwar hannunsa ta bugi bango. Manajan magini na tsaye, mai haɗa na'urori na tsaye, wakilin hukuma na tsaye. A wurin muka ɗaga tef ɗin muka matsar da bangon santimita 60, muka shata ƙofa ta biyu a gefen gabas, magini ya buga lissafin ƙarin bulo da kankare a wayarsa ya nuna wa wakilin hukuma, shi kuma ya sa hannu a gefen takardar kafin mu fita cin abincin rana.